Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida: Yadda Zafi da Laimar Jidda Ke Sauya Lissafi

A galibin takardun bayanin da kan zo tare da ƙananan injunan ƙyanƙyasa, umarni na farko shi ne a zuba ruwa a cikin injin kafin a jera ƙwai. Amma a birnin Jidda da ke gaɓar Bahar Maliya, bin wannan umarni ido rufe kan zama sanadin mutuwar 'yan tsaki tun suna cikin ɓawo, bayan mai su ya shafe makonni uku yana ɗawainiya.

Mai karatu zai iya tambaya ko me zai sa mutum ya wahalar da kansa da ƙyanƙyasar ƙwai a gida a ƙasa irin Saudiyya, inda kaji ba su yi ƙaranci ba. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi cin naman kaza a duniya, ta kuma daɗe da wadatar da kanta da ƙwai. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a shekarar 2022 gonakin cikin gida ne suka samar da kashi 68 cikin ɗari na naman kajin da aka ci, sauran kuwa aka shigo da shi a daskare, musamman daga Brazil. Kamfanoni irin su Al-Watania da ke lardin Ƙasim da kuma Fakieh a yammacin ƙasar suna ƙyanƙyashe 'yan tsaki miliyoyi, kuma a nan Jidda ne aka buɗe gidan soya kajin nan na Albaik a shekarar 1974, wanda da wuya alhaji ya koma gida bai ɗanɗana ba.

To, amma kazar gona daban, kazar gida daban. Wadda ake sayarwa a kanti ba ta wuce makonni biyar ko shida a duniya ba kafin a yanka ta, ga nama mai laushi amma babu ƙwari, kuma duk wanda ya tashi da miyar kazar Hausa ya san bambancin. Larabawa ma sun san shi, shi ya sa kazar da suke kira baladi ta fi tsada. Kazalika tun a shekarar 2007 hukumomi suka hana shagunan sayar da kaji masu rai a cikin birane, abin da ya sa mai son kazar gida sai ya nufi kasuwar tsuntsaye a bayan gari, ko kuma ya yi kiwo da kansa a irin shingayen hutawa da ake kira istiraha, waɗanda ke warwatse a wajen birni ta wajejen Bahra da Usfan da Zahban.

Hausawan Jidda kuwa ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Kakannin da yawa daga cikinsu sun iso ne a ƙafa ta hanyar Sudan, suka tsallaka teku daga Sawakin, wasunsu a cikin ayarin da ya yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Sun zauna a unguwanni irin su Karantina da Sabil da Hindawiyya da Gulail, a gidaje masu tsakar gida da rufin soro, inda ba a rasa wurin ajiye akurki ko ɗakin tattabaru. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen shekarar 2021, aka ci gaba da shi a 2022, ya shafe gomman irin waɗannan unguwanni, ya kuma tura dubban iyalai zuwa gidajen bene na haya. Kaza mai kwanci tana bukatar lungu mai duhu da ƙasa mai ɗan sanyi har kwana 21, kuma babu wannan a hawa na uku. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yawancin kajin ƙwai na zamani an riga an kawar musu da ɗabi'ar kwanci ta hanyar zaɓen iri, sai su yi ta zuba ƙwai ba tare da sun taɓa zama a kai ba. A nan ne injin ƙyanƙyasa, wanda a kasuwannin Jidda ake kira faƙƙasa, ya samu shiga. Akwai mai ɗaukar ƙwai 12, akwai mai 56, akwai mai fiye da ɗari, galibinsu ƙirar ƙasar Sin.

Alƙaluman da ke rubuce a jikin waɗannan injuna ba ƙarya ba ne. Ƙwan kaza yana bukatar zafin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, da laimar iska ta kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwanaki 18 na farko, sa'an nan kashi 65 zuwa 70 a kwanaki ukun ƙarshe. Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗanda suka rubuta umarnin zuba ruwa sun yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi da busasshiyar iska. Ba su san Jidda a watan Satumba ba, lokacin da mutum kan fito daga mota gilashin idonsa ya rufe da raɓa.

Domin a fahimci abin da ke faruwa, sai an san cewa ɓawon ƙwai ba rufaffe ba ne kamar yadda ido ke gani. Yana da ƙananan ƙofofi tsakanin 7,000 zuwa 17,000, ta nan iska mai kyau ke shiga wa ɗan tayi, ta nan gurɓatacciya ke fita, ta nan kuma ruwan cikin ƙwan ke tsanewa a hankali. Wannan tsanewa ba asara ba ce, wajibi ce. Yayin da ruwa ke raguwa, wani ɗan kogon iska da ke gindin ƙwan, wato ɓangarensa mai faɗi, yana ƙara girma. A rana ta 19 zuwa ta 20 ɗan tsako kan huda tantanin da ya raba shi da wannan kogo, ya shaƙi numfashinsa na farko a can ciki, kafin ya samu ƙarfin fasa ɓawo. Wasu masana biyu, Hermann Rahn da Amos Ar, sun auna ƙwayayen tsuntsaye iri-iri, manya da ƙanana, suka wallafa a shekarar 1980 cewa kusan dukansu kan rasa kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu kafin ƙyanƙyasa. A ƙwan kaza, abin da manyan gonaki ke nema shi ne raguwar kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari ya zuwa rana ta 18. Ke nan laimar injin ba ita ce manufa ba, hanya ce kawai ta daidaita saurin wannan tsanewa.

Laimar da ke cikin injin kuwa daga iskar ɗaki take farawa. Injin yana zuƙo iskar da ke kewaye da shi, ya ɗumama ta, kuma iska idan ta ɗumama tana ƙara samun sararin ɗaukar ruwa, saboda haka kason laimarta sai ya sauka. Lissafin ba shi da wuya. A ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, wadda mutanen Jidda ke kira mukayyif, in zafi ya kai digiri 32 laima kuma kashi 70, to da zarar iskar ta shiga injin ta kai digiri 37.5, laimarta za ta tsaya a wajen kashi 52. Wato dai abin da ake nema ya samu ba tare da an ɗiga ko ɗigon ruwa ba. A daren da teku ta turo danshi laimar ɗaki ta haura kashi 85, cikin injin zai kusa kashi 60 alhali tasar ruwan a bushe take. Wanda ya cika wannan tasa saboda takarda ta ce a cika, ya kai ƙwansa kashi 70 ko fiye tun daga ranar farko.

A ɗaya hannun kuma, maƙwabcinsa da ya ajiye irin wannan injin a falo mai mukayyif yana cikin wata duniya dabam. Na'urar sanyaya ɗaki tana tatse ruwan iska, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga a bayan gini. Iskar da ke digiri 23 da laima kashi 45, in an ɗumama ta zuwa zafin ƙyanƙyasa, laimarta kan faɗo zuwa wajen kashi 20. Wannan mutum dole ya zuba ruwa, ya kuma riƙa ƙarawa. Gida ɗaya, hawa ɗaya, injin kamfani ɗaya, amma shawarar da ta tsirar da ƙwan wancan ita ce za ta kashe na wannan. Wanda ya fi su shiga uku shi ne mai kunna mukayyif da rana ya kashe da dare, ko ya kashe in zai fita aiki, domin ƙwansa na lilo tsakanin yanayin biyu.

Saboda haka masu gogewa ba sa dogara da lambar da ke haskawa a goshin injin, ƙwan da kansa suke tambaya. Hanyar kuwa ba ta bukatar komai sai ƙaramin sikelin kicin mai auna giram da littafin rubutu. A zaɓi ƙwai goma, a yi musu alama da fensir, a auna su gaba ɗaya ranar da za a sa su. A ce sun ba da giram 500, kamar yadda ƙananan ƙwayayen kajin gida kan bayar. Kashi 12 cikin ɗari na wannan nauyi giram 60 ne, wanda ya kamata ya tafi cikin kwana 18. Ke nan a rana ta 6 ana sa ran ganin giram 480, a rana ta 12 giram 460, a rana ta 18 kuma 440. In aka auna a rana ta 6 aka tarar da 490, ƙwan ba ya tsanewa yadda ya kamata, sai a janye ruwa a ƙara buɗe ƙofofin iska. In kuwa aka tarar da 468, bushewa ta yi yawa, sai a ƙara ruwa. Abin daɗin shi ne jimillar ake nema, ba ta kowace rana ba, don haka kuskuren makon farko ana iya gyara shi a mako na biyu.

Wanda ba shi da sikeli yana da tocila. A ɗaki mai duhu, in aka kara hasken a gindin ƙwai, ana ganin iyakar kogon iskar sarai, a zana ta da fensir a rana ta 7 da ta 14 da ta 18. Ya zuwa rana ta 18 ya kamata kogon ya kusa cin sulusin ƙwan, ya ɗan karkata gefe guda. Wannan dubawa tana da wani amfanin. A rana ta 7 ƙwai mai rai yana nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo-gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wanda zakara bai taka ba kuwa fayau yake, wanda ya mutu da wuri kuma yana nuna jan zobe. Irin waɗannan a fitar da su, domin a zafin injin ruɓaɓɓen ƙwai kan fashe ya watsa ƙwayoyin cuta a kan 'yan'uwansa, ga warin da ba a manta shi.

Wani abin da ake yawan kuskurewa shi ne zaton cewa zurfin ruwa ke ƙara laima. Ba haka ba ne, faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara ta. Kofi cike da ruwa bai kai faranti mai ɗan ruwa kaɗan ba. Mai son rage laima sai ya rage faɗin tasa ko ya rufe rabinta, mai son ƙarawa kuma ya sa soso mai tsabta ko ƙyalle a jiƙe. Ma'aunin laimar da ke zuwa da injuna masu araha kuwa sau da yawa yakan kauce da kashi goma ko fiye. Ana gwada shi da gishirin miya. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko gwangwani marar shigar iska har tsawon dare. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri kullum laimarta kashi 75 ce. In ma'aunin ya nuna 68, an san yana rage bakwai, sai a riƙa ƙara masa a lissafi.

Laima dai tana yafe kuskure na ɗan lokaci. Zafi ne ba ya yafewa, kuma a nan ma Jidda ta juya lissafin. A Turai damuwar mai ƙyanƙyasa ita ce kada ƙwai ya yi sanyi. A birnin da zafin rana a watan Yuli kan kai digiri 39 a matsakaici, wanda kuma ya taɓa ganin digiri 52 a ranar 22 ga watan Yunin 2010, damuwar ita ce kada ya dahu. Ƙaramin injin gida yana da abin ɗumamawa da fanka, amma ba shi da abin sanyayawa. In zafi ya wuce ƙa'ida iyakar abin da zai iya shi ne ya kashe wutarsa ya jira iskar ɗaki ta sauko da shi. To, in iskar ɗakin da kanta ta kai digiri 38 ko 40, kamar yadda take yi a ɗakin saman bene ko a rumfar kwano da azahar, babu abin da zai sauko. Ɗan tayi kan jure sanyi na sa'o'i da dama, girmansa ne kawai zai jinkirta, amma 'yan sa'o'i a sama da digiri 40.5 sun isa su hallaka shi, kuma ko ƙarin digiri ɗaya da ya ɗore yana sa a ƙyanƙyashe da wuri, 'yan tsaki ƙanana, masu buɗaɗɗiyar cibiya ko karkatattun ƙafafu.

Haɗarin yana ƙaruwa a rabin lokaci na biyu. Daga wajen rana ta 12 ɗan tayi yana fara fitar da zafin jikinsa, kuma ƙwai hamsin masu rai a cikin ƙaramin akwati tamkar wani murhu ne. Shi ya sa mutum kan ga komai lafiya lau har mako biyu, sai a mako na uku ya rasa rabin ƙwan bai san dalili ba. Wurin da ya dace da injin shi ne ɗaki na ciki wanda zafinsa ke tsakanin digiri 21 da 27 dare da rana, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka, ba kuma a gaban iskar mukayyif kai tsaye ba. Kuɗin wutar injin kansa ba wani abu ba ne. A farashin halala 18 kan kowane kilowat da aka fara aiki da shi a watan Janairun 2018, injin mai wat 60 ba zai ci fiye da riyal biyar da 'yan kai ba a kwana 21, ban da haraji. Mukayyif ɗin da zai kwana ya wuni a kunne dominsa shi ne ainihin kuɗin, kuma shi ya sa masu hankali kan ɗage ƙyanƙyasa zuwa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da garin ke yin sauƙi.

Shi ma ma'aunin zafin injin sai an tantance shi. Mafi sauƙin abin gwaji shi ne ma'aunin zazzaɓi na asibiti, domin an ƙera shi ne daidai don zafin da ke tsakanin digiri 35 da 42. A kunna injin yini guda babu ƙwai, a sa ɗan kofin ruwa a ciki ya ɗauki zafin wurin, sa'an nan a tsoma ma'aunin a kwatanta. In injin ba shi da fanka, zafi kan taru a sama, don haka ana auna shi daidai saman ƙwai, ana kuma neman wajen digiri 38.5.

Masu wannan sana'a a tsallaken Bahar Maliya sun riga kowa sanin cewa jikin ƙwai ne alƙali. Masarawa sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasa a cikin ɗakunan tubali masu kama da tanderu, marubucin tarihin nan Diodorus ya ambace su tun kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, haka nan malamin nan Abdullaɗif al-Bagdadi ya bayyana yadda ake gina su bayan zamansa a Masar wajen shekara ta 1200 Miladiyya. Ƙauyen Barma da ke lardin Garbiyya ya yi suna da gwanayen wannan aiki, waɗanda ke gadonsa daga iyaye. Ba su da ma'auni ko ɗaya. Mai aikin yakan ɗauki ƙwai ya kara a fatar idonsa, ya san ko a ƙara wuta ko a buɗe tagar rufi. Bafaranshen nan Réaumur, wanda ya wallafa littafi kan ƙyanƙyasa a shekarar 1749, ƙoƙarin kwaikwayon Masarawa yake yi da ganguna da zafin taki da ma'aunin zafi. Manyan gonakin zamani sun koma kan wannan hikima ta wata hanya, inda suke auna zafin jikin ɓawo da na'ura suna neman digiri 37.8, maimakon su tsaya ga zafin iska kawai.

Sai dai kuma ƙwai da yawa sun riga sun lalace tun kafin su ga injin. Ƙwan kanti ba ya ƙyanƙyasuwa, domin kajin da suka yi shi ba su san zakara ba. Ana bukatar zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, a zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsaga, kada a wanke shi, saboda wanki yana cire wani siririn rufi da ke tare ƙofofin ɓawo daga ƙwayoyin cuta. Ajiyarsa kafin a sa ita ce babbar matsala a ƙasa mai zafi. Ana son a ajiye shi a digiri 13 zuwa 18, tsininsa a ƙasa, kada ya wuce mako guda. In zafi ya haura wajen digiri 24 ɗan tayi yana fara girma a gurguje, ya tsaya, ya sake farawa, har ya galabaita. Firji kuma sanyinsa ya yi yawa. Ƙwan da ya wuni a kasuwa a kan tire, aka kuma bar shi rabin sa'a a motar da aka ajiye a rana, ba injin da zai cece shi, kuma mai injin ne za a zaga. Haka nan in an fito da ƙwai daga wuri mai sanyi zuwa iskar Jidda yakan yi gumi nan take, wannan gumi kuma hanya ce ga ƙwayoyin cuta, saboda haka a bar shi ya huce a hankali a ɗaki mai mukayyif kafin a sa.

Batun juyawa ba shi da tsawo. Kaza kan motsa ƙwanta da baki sau da yawa a yini don kada ɗan tayi ya manne da tantani. Injin mai juyawa da kansa yana karkata tire kowace sa'a ɗaya ko biyu, mai yi da hannu kuma ya juya aƙalla sau uku ko biyar, adadi marar biyu-biyu, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Makon farko ne ya fi muhimmanci. A rana ta 18 a daina, a kwantar da ƙwan, a ɗaga laima, a buɗe ƙofofin iska sosai domin a lokacin ne bukatar numfashi ta fi yawa.

Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya, musamman a gidan da ke da yara. Ɗan tsako kan yi sa'a 12 zuwa 24 tsakanin hudar farko da fitowa, yana hutawa yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa. Mai gaggawar ɓare masa ɓawo yakan tsinka jijiyar da ba ta gama rufewa ba. Buɗe murfi a ɗaki mai mukayyif kuma yana shigo da busasshiyar iska ta ƙanƙance tantani a jikin waɗanda suka riga suka huda. Wanda ya fito ba ya bukatar abinci nan take, gwaiduwar da ya haɗiye tana riƙe shi kwana biyu, a bar shi ya bushe tukuna, sa'an nan a mai da shi wuri mai ɗumin digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da wajen digiri uku kowane mako.

Akwai kuma abin da ya wuce gida ɗaya. Saudiyya ta yi fama da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a shekarar 2007, sa'an nan nau'in H5N8 ya ɓulla a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya da ke Riyad a watan Disamban 2017, aka kashe tsuntsaye masu yawa. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da H5N1, a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006. Ƙwai da tire da kwali duk suna iya ɗaukar cuta, don haka saka ƙwan ƙyanƙyasa a cikin jaka a tsallaka iyaka da shi ganganci ne, ko da irin ya kai kyan ɗawisu. Wanke injin da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace ƙyanƙyasa da yi wa 'yan tsaki rigakafin cututtukan Niyukasul da Gumboro ba abin sakaci ba ne. Mazaunin gidan haya kuma ya san inda zai kai su tun kafin su fito, domin kusan rabinsu zakaru ne, kuma bayan 'yan watanni maƙwabta da hukumar birni za su ji labari da asuba.

Injin shi kansa yana iya tafiya gida a matsayin tsaraba, amma lissafin Jidda ba ya bin sa. A duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa, domin tsofaffin gidajen Saudiyya suna da layin bolt 127 da na 220, yayin da Nijeriya da Nijar ke amfani da 220 zuwa 230. In ya isa Kano ko Maraɗi a tsakiyar hunturu, iskar da ke digiri 25 da laima kashi 15 za ta koma ƙasa da kashi 10 a cikinsa, sai an haɗa da soso da faranti na biyu, alhali a watan Agusta wannan injin a wannan ɗaki zai iya aiki kusan babu ruwa. Ɗaukewar wuta kuma ita ce babbar abokiyar gaba a can, abin da ya sa injuna masu aiki da batirin bolt 12 da farantin hasken rana suka fi dacewa. In wuta ta ɗauke a rufe injin da bargo kada a buɗe, sai fa a ƙarshen lokaci cikin bazara, inda ƙwan ke fitar da zafinsa fanka kuma ta tsaya, a nan ɗan buɗe murfi ya fi rufewa. Matan karkara da ke sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28 ba su da wannan damuwa, kuma mai kaza biyu masu kwanci bai kamata ya raina su don ya sayi akwatin roba ba.

Bayan rana ta 23, abin da bai fashe ba ya zama baragurbi, kuma yawancin mutane kan kwashe su zubar suna toshe hanci. Gara a fita da su waje a fasa ɗaya bayan ɗaya ta gindin, a rubuta abin da aka gani. Wanda babu alamar jini a cikinsa, laifin zakara ne ko na ajiya. Jan zobe da ɗan ƙaramin tayi suna nuna zafin hanya, ko tsufan ƙwai, ko tashin zafi a kwanakin farko. Cikakken ɗan tsako da ya mutu bai huda ba, jikinsa a kumbure sharkaf, kogon iska ƙarami, ruwa na kwance a ɓawo, wannan laima ce ta yi yawa, kuma shi ne abin da aka fi tsammani a ɗakin Jidda marar mukayyif. Wanda ya huda ya maƙale, tantani ya bushe ya manne masa kamar takarda, bushewa ce ko yawan buɗe murfi. In an ƙyanƙyashe a rana ta 19 zuwa ta 20 injin yana wuce zafi, in kuma sai a rana ta 22 ko ta 23, yana kasawa, sai a gyara shi da kashi biyu ko uku cikin goma na digiri kafin a sa ƙwai na gaba.